Ranar da Aka Ce Gawa Ta Yi Waƙa

Ƙuda ya sauka a kan hancin Tomie Karasawa daidai lokacin da sufeton 'yan sanda ya durƙusa yana duba wuyanta. Ya taka zuwa girarta, ya tsaya ya murza hannuwansa, ya sake gangarowa. Tomie ko gezau. Tana kwance a ƙasan wata 'yar mashaya ta bakin teku, ƙafa ɗaya ba takalmi, idanu a buɗe suna kallon silin, jinin ƙarya yana bin bayan kunnenta. Sufeton, wanda shi ne jarumin shirin, ya manta maganarsa a tsakiya. Ya yi tari, ya shafa haɓa, ya dubi taga kamar mai zurfin tunani, sannan ya tuno. Duk wannan ana yin sa ita tana riƙe da numfashinta.

"Katto!" in ji darakta, kalmar da ake tsayar da ɗauka da ita.

Nan take Tomie ta ja iska da ƙarfi har na bakin ƙofa suka ji, ta tashi zaune ta kori ƙudan.

"Minti biyu ba daƙiƙa biyar," in ji tsoho Dobashi mai kyamara, yana ɗago kai. "Tomie-san, ke dai ranar da kika mutu da gaske ba wanda zai yarda. Tsayawa za mu yi a kanki muna jiran a ce katto."

"Kai kuma ranar taka sai an ɓamɓare kyamarar nan daga hannunka kafin akwatin gawarka ya rufu," ta ce, tana laluben takalminta.

Mai kwalliya ta zo ta barbaɗa mata gishiri a kafaɗu, yadda ake yi wa duk wanda ya fito a gawa don kada abin ya bi shi gida. Tomie ta sunkuya ta gode. Gishirin da aka zuba mata cikin shekara ashirin da biyu ya isa a tsima kabejin unguwa guda a ruwan gishiri.

A wannan sana'ar tamu kowa da abin da aka san shi da shi. Wani kuka, wani faɗowa daga bene, wani buɗe ƙofa ya ce shugaba na kira. Tomie gawa. Ta yau ita ce ta ɗari da goma sha huɗu. An tsinto ta a kogi, an tsinto ta a bayan mota, a gonar shinkafa, a cikin kabad ɗin shimfiɗa. Daraktoci suna son ta saboda ba ta ƙyafta ido, cikinta ba ya motsi, kuma ba ta taɓa tambayar dalilin da ya sa aka kashe ta ba. Ba kowa ke tuna cewa tana 'yar shekara goma sha tara ta fitar da faifan waƙa ba, aka yi mako uku ana sa shi a rediyo, ta shiga farar riga ta rera a talabijin har sau biyu. Daga nan wasu 'yan matan suka taso. Ta koma wasan kwaikwayo, ta fito a ƙawar jaruma, ta sauka zuwa maƙwabciya, ta ƙara sauka zuwa matar da ta ji ƙara da daddare. Wata rana cikin sanyi aka rasa mai kwanciya a bakin kogi, ta ce ita za ta yi. Kuskurenta ɗaya, ta yi shi da kyau fiye da kima.

Amma yau akwai ƙari a takardar aiki. Darakta Kanade Ushio, wadda ba a ma haife ta ba lokacin da Tomie ke sa farar riga, ta tsinci tsohon faifan a kayan kakarta. Ta saurara, ta dubi hoton da ke bangon faifan, ta ce ai wannan gawarmu ce. Sai ta ƙara wani yanki a labarin: mai mashaya za ta tsaya ta rera wa baƙinta waƙa, kwana ɗaya kafin a kashe ta. Daƙiƙa arba'in. A fim ba wani abu ba ne a kashe mutum da safe ya yi waƙa da rana.

Daƙiƙa arba'in ɗin nan su suka hana Tomie cin abinci da kyau tun makon jiya, kuma ba don kanta ba ne. Mahaifiyarta, Fusa, tana da shekara casa'in da ɗaya, tana gidan kula da tsofaffi a can arewa, garin Sakata. Duk ranar da za a nuna shiri, ma'aikata sukan jera tsofaffin a falo gaban babbar talabijin, su zauna da barguna a cinya suna jiran minti na bakwai, lokacin da akan tsinci gawa. Da an yaye zanen sai falon ya ɗauka: "Ga 'yar Fusa-san!" A tafa mata. Wani tsoho ma yana riƙe da lissafin irin mutuwar, wai har yanzu ba a taɓa jefo ta daga jirgin sama ba.

Da Tomie ta je gaishe ta a watan jiya, ta tarar tsohuwar ta ƙara ƙanƙancewa a cikin kujera, amma bakin yana nan yadda yake.

"Akwai wata a ɗakin kusa, ɗanta yana karanta labarin yanayi," in ji Fusa. "Ba shi da ko wuya, amma a tsaye yake. Yana nuna gajimare da sanda. Ke kullum a kwance, kullum an rufe ki da zane. Ni na haife ki, na san kina da ƙafafu."

"Inna, aiki ne."

"Na sani aiki ne. Sau ɗaya dai nake so in gan ki a akwatin nan a tsaye, bakinki yana motsi, a gaban mutanen nan duka. Sau ɗaya, kafin in karɓi aikin naki in yi shi da gaske."

Tomie ta yi dariya a lokacin, don Inna dariya take so a yi. A jirgin ƙasa na komawa ne ta yi kukanta. Likita ya riga ya ja ta gefe ya yi mata maganar zuciyar tsohuwar, a cikin irin ladabin nan na likitoci da ke nufin kada a yi dogon shiri.

Da ƙarfe goma sha biyu aka raba akwatunan abinci, shinkafa da soyayyen kifi da ɗan tsami. Tomie ta wanke jinin kunnenta, aka naɗa mata kimono, doguwar rigar gargajiya, ruwan makuba, aka ɗaure mata gashi sama. Ta dubi madubi ta ga wata mata mai rai, har ta ɗan ji kunya.

Mai wurin ta ainihi, Madam Harue, tana zaune a ƙarshen kantar mashayar tun safe tana kallon yadda ake jan kujerunta. Gajeruwa ce mai murya kamar ta namiji, ta ba da hayar mashayar ne zuwa ƙarfe huɗu, ba huɗu da minti ɗaya ba.

"Huɗu da rabi masunta ke shigowa," ta faɗa wa darakta karo na uku. "Shekara talatin ban taɓa barin su a waje ba, ko ranar da aka binne mijina. Ƙarfe huɗu in ga ƙasata a share."

"Za mu gama tun kafin uku, Madam," in ji Darakta Ushio. "Daƙiƙa arba'in ne kawai."

A gwaji komai ya tafi daidai. Aka zaunar da mutum shida a matsayin baƙi, aka kunna kiɗan, Tomie ta riƙe makirfo ta rera rabin baiti a hankali don a auna sauti. Muryar ta yi ƙasa da yadda take a faifan, ta yi ɗan kaushi, amma tana nan. Darakta ta ɗaga babban yatsa.

"To, yanzu na gaske. A yi shiru! A shirya... a fara!"

Kiɗa ya tashi. Baƙi suka fara kaɗa kai. Wurin shigar murya ya zo, ya wuce. Tomie tana tsaye da makirfo a bakinta, idanu a buɗe sun kafe a kusurwar silin, ƙirjinta ko motsi. Kiɗan ya yi ta tafiya shi kaɗai. Ɗaya daga cikin baƙin, da yake an ce masa ya tafa a ƙarshe, ya tafa.

"Katto!"

Tomie ta ja iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

"Karasawa-san, lafiya?" in ji darakta. "Kin manta baitin ne?"

"Ban manta ba. Ku gafarce ni." Ta sunkuya wa darakta, ta sunkuya wa masu fitila, ta sunkuya wa baƙin ƙarya. "A sake, ina roƙo."

Aka sake. Aka ce a fara, numfashin ya ɗauke. Aka sake na uku, haka. Ba tsoro ba ne, ba kuma mantuwa ba. Baitin yana kan harshenta, tana jin sa. Jikin ne ya yi shekara ashirin da biyu yana jin kalmar nan yana rufe ƙofa, yanzu kuwa ba ya neman izininta.

Dobashi ne ya fara ganewa. Ya cire hularsa ya sosa sanƙo. "Darakta, ba ki ga abin da ke faruwa ba? Mutuwa take yi. A tsaye."

Wani daga masu fitila ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Tomie ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Daga nan kowa ya zama likita. Jarumin shirin, wanda ya gama aikinsa amma ya ƙi tafiya, ya ce ta rubuta harafin da ke nufin "mutum" a tafin hannu sau uku ta haɗiye, shi abin da yake yi ke nan tun yana makaranta. Ta rubuta ta haɗiye, ta rubuta ta haɗiye, har ta haɗiye mutanen gari guda, a banza. Mai kwalliya ta ce ta ɗauki duk wanda ke ɗakin a matsayin kabewa. Tomie ta ce ba mutanen ne damuwarta ba. Darakta ta ce to ba za ta furta komai ba, hannu kawai za ta ɗaga. Ta ɗaga hannun, ɗakin ya yi tsit irin na ɗauka, wannan shirun da duk ɗan sana'a ya san ɗanɗanonsa, Tomie ta sandare.

Sai darakta ta raɗa wa Dobashi wani abu, ta juyo da fara'a. "Bari mu ƙara gwaji ɗaya, Karasawa-san. Gwaji ne kawai, ba ɗauka."

Tomie ta buɗe baki, ta dubi Dobashi. "Dobashi-san, kunnuwanka sun yi ja."

"Zafi ne."

"Kyamarar a kunne take."

"Ni dai ban iya ƙarya ba, Darakta," in ji tsohon, yana kallon ƙasa. Kafin ya rufe baki Tomie ta riga ta sandare.

Ƙarfe uku da minti biyar, Darakta Ushio ta ja ta gefe. Yarinyar kirki ce, ta daɗe tana juya takardar hannunta kafin ta yi magana.

"Karasawa-san, ni na so wannan yankin, kin sani. Amma in bai samu ba zuwa uku da rabi, dole in ɗauki wani abu a madadinsa. Za mu rataya hotonki a bango da makirfo a hannu, sufeto ya kalle shi, a sa faifan a baya. Ba wanda zai ga laifinki."

Hoto a bango. Tomie ta san irin tafin da za a yi wa wannan a falon Sakata. Ta ce a ba ta minti biyar, ta fita ta ƙofar baya.

A lungun, tsakanin akwatunan kwalabe, ta tarar da Madam Harue a kan kujera 'yar tsugunno tana fere farar rediyasa, wata saiwa mai kama da rogo, ta miyar yamma. Ba ta ɗago ba.

"Na san waƙar nan," in ji Madam. "Shekarar da ta fito ina aiki a masana'antar gwangwanin kifi. Akwai wani direba da nake so, sakarai ne, ya tafi Osaka bai dawo ba. Na yi kuka da waƙarki har mai gidan haya ta buga min bango."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kuka mai daɗi ne. Da na same shi da yanzu ina wanke masa safa." Ta jefa ɓawo a bokiti. "Wa kike so ya ji ta? Don wannan fuskar ba ta mai neman suna ba ce."

"Mahaifiyata. Casa'in da ɗaya."

Madam ta ci gaba da fere. Can ta ce, "Ni ban san aikinku ba, kuma daga abin da na gani yau ban yi asara ba. Mutum ashirin, an kasa waƙa ɗaya. Amma tun safe nake kallonki. Duk sanda yarinyar nan ta yi ihun katto, sai ki ja numfashi kamar saniya ta fito daga ruwa, fuskarki ta buɗe, jini ya dawo. A nan ne kike da kyau. Su kuma a nan ne suke juya baya."

Tomie ta tsaya tana kallon wuƙar tana zagaya rediyasar. Abin da ya faɗo mata a rai ba abin da mai ƙaramin matsayi ke faɗa wa darakta ba ne. A wurinmu wanda sunansa ke can ƙasan takarda ba ya koya wa na sama aiki. Ya zo da wuri, ya gaishe da kowa, ya yi abin da aka ce, ya gode ya tafi. Shekara ashirin da biyu da wannan ladabin take ci, ba ta taɓa neman ko matashin kai a kan duwatsun kogi ba.

Ta koma ciki, ta tsaya gaban darakta a idon kowa, ta sunkuya har gashin da aka ɗaure mata ya nemi kwancewa.

"Darakta, ki gafarta min rashin kunya. Ina roƙon abu ɗaya. Ki ce a fara, ki bar ni in mutu. In wurin shigar murya ya zo, ki ce katto. Amma kada a kashe komai."

Jarumin shirin ya ɗaga gira. Darakta Ushio ta dubi agogo, uku da minti ashirin, ta dubi Tomie da har yanzu ba ta ɗago ba.

"Kowa ya ji?" ta ce. "Yau katto ba katto ba ne. Kada wanda ya motsa. A shirya... a fara!"

Kiɗa ya tashi, Tomie ta sandare. Darakta tana ƙirga bugun da yatsa a cinyarta. Ɗaya, biyu, uku.

"Katto!"

Iskar ta shiga, kafaɗun suka sauka, idanun suka dawo ɗakin. Tare da fitar numfashin muryar ta biyo.

"Ka bar laimarka a tashar jirgi,
na riƙe maka ita har ruwa ya ɗauke.
Yau shekara nawa rana na fitowa,
ni ban daina duban sama ba."

Ba muryar 'yar shekara goma sha tara ba ce. Waccan yarinyar ba ta san abin da take faɗa ba, an ba ta takarda ne ta haddace. Wannan ta sani. Baƙin ƙarya suka manta da kofunansu. Mai kwalliya ta toshe baki da tawul. A bakin ƙofar baya Madam Harue tana tsaye da wuƙa a hannu ɗaya, rediyasa a ɗayan, hancinta ya yi ja. Da kiɗan ya mutu sai tafi ya ɓarke, na gaske, har da masu fitila daga kan tsani.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Dobashi yana kallon babban yatsansa na dama kamar yau ya fara ganin sa.

"Darakta," ya ce, murya can ƙasa. "Na kashe."

"Ka me?"

"Da kika ce katto. Ban sani ba. Na ji bayaninki, na gane, na ce wa kaina kada ka taɓa. Yatsan ne." Ya sauko daga bayan kyamarar, ya durƙusa a ƙasan mashayar, ya kai goshinsa daidai inda gawa ta kwanta da safe. "Shekara arba'in da ɗaya, Tomie-san. Ban taɓa barin kyamara tana ci bayan katto ba. Ki yafe ni."

Tomie ta dube shi a ƙasa, sanƙonsa yana ƙyalli a fitila. Ta ji wani ɗaci a ranta, don ta san abin da ta yi yanzu ba ya maimaituwa. Sai kuma dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta dafa kantar mashayar, hawaye na wanke hodar.

"Tashi, tsohon banza," ta ce. "Ashe ba ni kaɗai ba ce gawa a ɗakin nan."

"Huɗu saura minti ashirin da biyu," in ji Madam Harue. Ta ajiye wuƙar, ta shiga bayan kanta, ta fito da babban tire ta jera masa kofunan shayi goma sha biyu, ta cika kowanne har baki. "Kai, mai yatsa. Kunna abinka."

Dobashi ya saita, ya kunna.

"Miƙo hannu. Duka biyun." Ta ɗora masa tiren. "Kofunan kakata ne. Ka fasa ɗaya ka ga yadda ake yin gawa ba da jinin sukari ba."

Aka gyara wa Tomie hoda a gurguje. Aka ce a fara, ta tafi. Aka ce katto, ta dawo. Yatsan Dobashi ya zabura a ƙarƙashin tiren, kofuna suka yi ƙara kaɗan, shayi ya zuba a hannun rigarsa, amma ya riƙe.

Wannan karon bai kai na farko ba, kuma ba sai an faɗa mata ba. A layi na uku muryar ta ɗan tsage, ta kamo ta da ƙyar. Amma a tsaye take, bakinta na motsi, jar fitilar kyamara a kunne. Da ta kai ƙarshe kiɗan ya tsaya, sai aka rasa mai tsayar da ɗaukar, don darakta ta riga ta kashe kalmarta. Ta buɗe baki ta rufe. Kowa ya daskare a inda yake, Dobashi da tirensa, baƙi da tafinsu a sama.

"To ya isa haka," in ji Madam Harue. "Ku kwashe tarkacenku."

Darakta ta duba abin da aka ɗauka sau ɗaya, ta ɗaga hannu ta ce ya yi. Huɗu saura minti uku ana share ƙasa. Tomie ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya tana sannu da aiki. Madam ta tura mata ƙunshin dafaffen kifi a jaka ba tare da ta kalle ta ba, ta ce kada ta bari ya kwana.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna tana tashar jirgin ƙasa, a benci mai kallon teku, da jakarta a cinya. Lokacin abincin yamma ne a Sakata, ta san tsohuwar tana farke. Ta kira, ma'aikaciya ta kai wayar.

"Wa ya kashe ki yau?" in ji Fusa.

"Ƙanin mijina, da kwalba. Amma Inna, kafin nan na yi waƙa. Ta laima. A tsaye."

Tomie tana jin ƙarar cokula daga nesa.

"A tsaye da ƙafafunki?"

"Da ƙafafuna. Daƙiƙa arba'in."

"An ga fuskarki, ko ta baya aka ɗauka?"

"Fuskata, Inna. Har da kimono."

"Hm." Tsohuwar ta ja hanci. "Yaushe za a nuna?"

Wannan ce tambayar da Tomie ta yi ta gudu tun a mota. "Shirin kaka ne. Sun ce watan Nuwamba."

"Yanzu muna Mayu." Ta ji tsohuwar tana ƙirgawa a hankali, wata bayan wata. "Shida. Mutanen nan ba su da tausayi."

"Inna, zan roƙi darakta ta turo min a waya. Mutuniyar kirki ce, za ta yarda. In kawo miki ranar Lahadi ki gani, ba sai an jira ba."

"A waya? Ni da ke a ɗaki, kamar masu kallon abin kunya? A'a. A falo na ce, a babbar talabijin, kowa yana zaune." Ta yi numfashi, irin gajeren numfashin nan da likita ya yi magana a kai. "Nuwamba. To. Kin ɗora min aiki."

Jirgin Tomie ya shigo, ƙofofi suka buɗe, ba ta tashi ba. Ta ji an ajiye wayar a kan bargo ba a kashe ba, sannan muryar tsohuwar, ta yi nisa amma da ƙarfinta, tana kiran ma'aikaciya.

"Ke, 'yar nan! Ina za ki da tiren? Dawo min da shi. Na ce na ƙoshi, yanzu kuma na fasa. Har kifin, bar shi a nan."